Ƙosai Ɗaya a Gadar Sabo

Ni ƙosai nake soyawa a gindin gadar Sabon Tasha a Kaduna, ta gefen da motocin Kachia suke lodi. Tun ina goyon Celina nake wurin. Martha tana kusa da ni da bokitin kokonta, ita ma ta daɗe. Duk mai bin hanyar da safe ya san mu.

Maigidana Wilson gyaran janareto ne sana'arsa, amma hankalinsa yana kan keke. Ba irin wanda ake ɗora wa buhun masara ba. Keken tsere, mai siraran tayoyi, wanda mutum zai ɗaga da hannu ɗaya. Suna da ƙungiya. Sukan haɗu a unguwar Trikania da sassafe, su biyo ta unguwar Television, su hau gadarmu, su miƙe hanyar Kachia, su wuce matatar mai da Maraban Rido har Kujama, sannan su juyo. Da ƙafar Celina ta fara kai feda, ya haɗa mata nata da ƙarafan da ya tsinto a kasuwar Panteka. Ita kaɗai Allah ya bar mana, kuma duk abin da uban ya yi sai ta yi.

Wilson yana da wata ɗabi'a. Ba ya yanke maganar fita tirenin da keke a kan katifa. In Celina ta ce, "Baba, yau ƙafafuna sun yi nauyi," sai ya ce, "Sa takalminki, mu je mu ji daga wurin mamanki." In kuma ta tashi tana tsalle tana cewa yau za ta bar kowa a baya, amsar ɗaya ce. Ya ce jiki da safe kamar yaron da aka tasa daga barci ne, abin da ya zo bakinsa yake faɗa. Sai an je Trikania an dawo, jini ya zagaya, sannan a tambaye shi.

Tambayar kuwa a wurina ake yin ta. In sun sauko gada sai ya taka birki a gaban kaskona, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ba ya ma sauka. In miƙa masa ƙosai ɗaya, babu yaji. Ya tauna a hankali. In ya ji daɗinsa har ransa ya so wani, sai ya bi 'yan'uwansa. In ya ji shi kamar dusa, ko bakinsa ya yi ɗaci, sai ya juya gida yana tura keken, ko da ƙafafun suna roƙonsa. Na sha ganin ya tashi kamar mara lafiya, ya ci ƙosai, ya je Kujama ya dawo yana waƙa. Na kuma ga ranar da ya zo da ƙarfinsa, ya tauna ya tofar, kafin yamma zazzaɓi ya kwantar da shi. Samarin ƙungiya suna kiran wurina asibitin Oga Wilson. "Dokta, a duba mu mana," haka suke tsokanata in za su wuce.

Ranar da ya rasu Asabar ce. Ya yi zazzaɓi a makon, aka yi masa allurai, ya warware. Da asuba ya tashi yana rera waƙar sujada, ya ce rabon da ya ji jikinsa sakayau haka tun yana saurayi. Ni ma haka na tashi. Babu mafarki, babu faɗuwar gaba, ko idona bai yi rawa ba. Martha tana ba ni labarin akuyar da ta shiga cocinsu ana tsakiyar wa'azi, ina dariya har da hawaye, sai ga su sun sauko gada a guje. Shi ne a gaba da rigarsa ruwan ɗorawa, da furfurarsa, samari suna binsa. Na riga na tsamo ƙosansa. Ya ɗaga mini hannu yana dariya, ya wuce. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Bayan Maraban Rido kaɗan ya faɗi. Mota ba ta taɓa shi ba, rami bai kayar da shi ba. Celina tana bayansa, a gaban idonta ya sulale. Likita ya ce zazzaɓin ne ya taɓa zuciyar.

Muka kai shi gida Zonkwa muka binne, muka dawo. Matan zumuntar cocinmu suka yi ta zuwa da waƙa da addu'a, har ƙafa ta ɗauke. Na koma kaskona, don dole a ɗora tukunya.

Celina ba ta bar keke ba, kuma ba ta hau shi kamar da ba. Takan shirya tsaf, ta sa hular kwano, ta fita. Kafin ta kai Trikania sai ƙirjinta ya fara bugawa, hannuwanta su yi sanyi, numfashi ya ƙi cika. Ta sauka ta turo keken gida ta lunguna, don kada ta biyo ta gabana. Na kai ta asibiti, aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Suka ce lafiyarta ƙalau. A hanyar dawowa cikin Keke Napep ta ce, "Baba ma ai ƙalau yake ji."

Damina ta kama, masara ta fara shigowa kasuwa, sai ga Malam Auwal, kocin da yake horar da 'yan ƙungiyar. Shi ne yake bin su a baya da mashin, ɗauke da tayoyi da ruwa, kuma shi ne ya tare motar da ta ɗauko Wilson. Ya jira har masu saye suka ragu, ya gaishe ni, ya sake yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar.

"Maman Celina, zan gaya miki yadda take. Akwai gasa a Jos, zan tafi da 'yan mata. Na riƙe wa Celina gurbinta har sauran sun fara gunaguni. Asabar ɗin nan za mu je Kujama. In ta je ta dawo a kan kekenta, ko ita ce ta ƙarshe, da ita za a tafi. In ba ta je ba, zan ba wata."

"Malam, makon jiya ta yi mura da ɗan zazzaɓi."

"Na sani. Ta ce ta gama magani, likita ya sallame ta. Ba zan matsa mata ba, kin san abin da na gani da idona. Amma yarinyar nan in wannan ya wuce ba ta hau ba, ban ga ranar da za ta sake hawa ba."

Yana tada mashin Martha ta matso da kujerarta.

"Kin ji shi ko? Kamar ba shi ya kawo miki gawa ba."

"Martha."

"Gaskiya ce ai. Ke ɗaya, 'yarki ɗaya. Kawo keken in tura ƙarƙashin gadona."

"Za ta ari wani."

"To ki kai ƙara wurin fasto."

"Faston da ya ɗora wa keken hannu ya yi masa addu'a?"

Ta ci gaba da juya koko. Can ta ce, "Ba a nan za ta tsaya ba, irin na ubanta?"

"In ta iso."

"To ai maganar tana hannunki. Shuwaka ba ta ƙare a kasuwar Sabo ba. Ki matse ruwanta kaɗan a ƙullu, in ya soyu wa zai gani? Ta tauna, ta ji ɗaci, ta koma gida da ƙafarta. Ba faɗa, ba kuka. Ba ke kika hana ta ba, bakinta ne."

Na ce mata Allah ya sawwaƙe. Amma da na shiga kasuwa auno wake, na sayi shuwaka, alhali ba miyarta zan yi ba.

Ranar Juma'a da yamma ina surfa wake a tsakar gida, Celina tana zaune a ƙofar ɗaki tana goge sarƙar keke da tsohon buroshin haƙori. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo kamar na uban.

"Mama, ke me kike ji game da gobe?"

"Ki bar ni in yi aikina."

"Da gaske nake."

Ban iya yi mata ƙarya a fuska ba. Na ce, "Gabana yana faɗuwa tun da Malam Auwal ya zo. Na yi mafarki ruwa ya ci gada."

Ta ajiye buroshin. "To kin gani. Ni ma haka nake ji. Ko in haƙura?"

Da na ce eh, da magana ta ƙare a nan. Bakina har ya buɗe. Sai akuyar nan ta Martha ta faɗo mini a rai.

"Ranar babanki ban ji komai ba, Celina. Dariya nake yi. Shi ma waƙa yake yi. Jin daɗin ranar bai san komai ba. Wannan tsoron ma ban sani ba ko ya san wani abu."

"To wa zan tambaya?"

"Babanki ya nuna miki inda ake tambaya."

"Ba na kaiwa can, Mama. Kafin Trikania nake mutuwa."

"Kar ki ƙara faɗar wannan kalmar a gidan nan."

"Yi haƙuri."

"In ƙirjin ya buga, ki sauka ki tura. In ya lafa ki hau. Ke dai ki iso gada."

Ina faɗar haka, shuwaka tana kicin cikin kwano, na rufe ta da faranti.

Asabar ta waye da hadari a gabas, amma ruwa bai sauko ba. Na bar ta tana ɗaure takalmi, ban ko kalle ta sosai ba. Da na hura wuta na ɗebi ƙullu kaɗan a ɗan kofi, na matse ruwan shuwaka a ciki, na juya. Guda biyu ya ba ni. Suka soyu ja kamar sauran, ba mai bambanta su. Na naɗe su a takarda na ajiye a bakin murhu don kada su huce. Martha ta gani, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da zuba wa mutane koko.

Na ƙona kasko guda. Wani kwandasta ya ɗaga ɗaya ya ce, "Mama, yau gawayi kike sayarwa?" Na ce ya ajiye in ba ya so. Ya kalle ni, ya karɓi kayansa ya tafi.

Sai ga su a kan gada. Samari a gaba, 'yan mata a tsakiya. Tun rasuwar sun daina tsokanata, sai dai su rage gudu su ce, "Mama, ina kwana." Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Babu ita. Na ji wani sanyi ya sauko mini, na ce a raina ta koma ta lungu, Allah ya raba ni da shuwaka.

Ban gama ba na ji ƙarar mashin. Malam Auwal ne yake saukowa a hankali, ga Celina a gefensa. Rigar ubanta ce a jikinta, ruwan ɗorawan nan, ta kama bayanta da fil don ta yi mata yawa. Ban san ta ciro ta daga akwati ba.

Ta taka birki a gaban kasko. Ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Na sauka na tura a Television," ta ce. "Amma na iso."

"Ƙirjin fa?"

"Yana nan. Kamar ana daka."

Sauran suka tsaya can gaba suna jira. Malam Auwal ya kashe mashin. Martha ta yi tari.

Na ɗauko takardar na buɗe. Na ciro ɗaya, da ɗuminsa. Celina ta miƙo hannu. Ba ni take kallo ba, ƙosan take kallo, irin kallon da ta yi wa likita ranar da ya fito da sakamakon gwaji. Yatsunta sun kusa taɓa nawa.

A nan na ga abin da zai faru. Duk abin da wannan ƙosan ya gaya mata za ta yarda, kuma ba na yau kaɗai ba. Za ta tauna ta ji ɗaci, ta ce ashe asibiti ƙarya suka yi, zuciyarta irin ta uban ce. Za ta koma ɗaki ta zauna tana jiran ranar da za ta tsaya. Tana da shekara goma sha tara. Kuma wurin nan ɗaya da Wilson ya bar mata, inda ba a yi mata ƙarya, ni ce zan lalata shi da hannuna.

Na jefa shi a bakina.

Ɗacin ya hau mini har kunne. Na tauna, na haɗiye, ban bar fuskata ta motsa ba.

"Wannan ya huce," na ce. "Bari in tsamo miki mai zafi."

Martha ta ja tsaki a hankali, ta juya mana baya.

Na ɗebi ƙullu na gaskiya na saka a mai. Ban taɓa ganin ƙosai ya daɗe bai soyu ba kamar wannan. Wani direba yana ta hon, wata mata tana ce mini na ɗari biyu, ban kula ta ba. Na juya shi, na tsame da matsami, na hura masa iska, na miƙa.

Ta gutsura. Ta tauna a hankali, idonta a ƙasa. Ni kuwa ina roƙon Ubangiji, ban san me nake roƙo ba. Rabin raina yana so ta tofar.

"Yaya?" Malam Auwal ya tambaya.

Ta cinye sauran, ta lashe yatsa, ta kalli kasko.

"Gishiri ya yi kaɗan yau, Mama." Ta ɗan tsaya. "Ƙara mini ɗaya."

Na ƙara mata.

"Ƙirjin ya daina?" na ce.

"Bai daina ba. Amma yunwa nake ji."

Ta ɗora ƙafa a feda. Malam Auwal ya tada mashin, ya ce, "Ina bayanta, Maman Celina. Ba zan wuce ta ba." Na bi rigar da ido har wata tankar mai ta shiga tsakaninmu.

"Ke kika sani," in ji Martha. Can kuma ta zubo koko a kofi ta turo mini. "Ungo, kora." Na ƙi karɓa. Na bar ɗacin a bakina.

Na sayar da sauran ƙullun ban san wa na ba me ba. Yayyafi ya sauko, ya ɗauke. Tankoki suna ta wucewa zuwa matata. Ƙosai ya ƙare, wuta ta mutu, ban tattara kaya ba. Martha ma kokonta ya ƙare, ba ta tafi ba.

Sai muka ji jiniya. Motar asibiti ce ta hau gada a guje, ta yi hanyar Rido. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Martha ta riƙe mini wuyan hannu.

"Zauna. Mutane nawa ne a hanyar nan? Ba 'yarki kaɗai ba ce."

"Sake ni."

"Ki je ina? Da ƙafa za ki bi ta?"

Na zauna. Na ciro waya na nemo lambar Malam Auwal, na kasa dannawa. Muddin ban kira ba, babu wanda ya gaya mini komai.

Rana ta ɗaga sosai kafin na farkon su dawo. Samari ne, duk bayansu laka. Ɗaya ya ɗaga murya bai tsaya ba: "Mama, tana baya." Tana baya yaya, a kan keke ko a mota, bai faɗa ba. 'Yan matan suka zo su ma, a warwatse, kowace kanta a sunkuye. Suka hau gada suka ɓace. Hanya ta koma ta motoci da 'yan acaba.

Martha ce ta fara gani. Ta matse mini hannu. Can nesa, tsakanin wata bas da mai tura baro, ga ɗan ruwan ɗorawa yana tahowa a hankali, mashin yana bayansa.

Ta iso, ta taka birki, ta sa ƙafa a ƙasa. Fuskarta duk laka da gumi, idanunta sun yi ja.

Malam Auwal ya cire hularsa ya share goshi. "Ta tsaya a wurin," ya ce. Bai ce wane wuri ba, na sani. "Na ɗauka shi ke nan. Ta sauka, ta daɗe a tsaye, ta sha ruwa. Sai na ga ta hau."

"Ta kai Kujama?"

"Ta kai, ta juyo. A nemo mata rigar sanyi mai kauri, Jos ba Kaduna ba ce."

"Mama, yunwa," in ji Celina. Ta leƙa tire, babu komai. Sai idonta ya faɗa kan takardar nan a bakin murhu. Na manta da ita sam. Kafin in miƙa hannu ta ɗauke, ta buɗe, ta gutsura.

Bakinta ya tsaya. Ta ciro ragowar ta duba cikinsa, ga ɗan kore-kore. Ta kalle ni. Ta kalli Martha, wadda ta kama wanke kofin da ta riga ta wanke.

"Ɗan'uwan wanda ya huce ɗin nan ne?"

"Shi ne."

"Ni aka soya wa?"

"Ke."

Na jira ta yi faɗa ko ta yi kuka, duk wanda ta yi daidai ne. Sai ta jefa ragowar a baki, ta tauna, ta haɗiye, hawaye yana fito mata don ɗaci.

"Shi ma ya shiga," ta ce. "Anti Martha, babu ko ɗan koko a gindin bokiti? Wanda ba a sa wa ganye ba."

"Ji mini 'yar banza," in ji Martha. Ta karkata bokitin tana kankaro na ƙasa.

Ta je Jos, ta dawo. Har yau duk safiyar da ta fita gabana yana faɗuwa, bai ragu ba. Na daina tambayarsa me yake nufi. Ina tsamo ƙosai ɗaya in riƙe a matsami, in sa ido a kan gada. Akwai ranar da ta zo da tsallenta, ta tauna ta tofar, ta sauka ta tura keken gida. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta duba cikinsa ba.